Farin Fili a Zanen Japan Ba Rashin Kammalawa Ba Ne

Yana damuna yadda wasu ke kallon zanen tawada na Japan, wanda ake yi kan siliki a rataye a bango, su ce ba a gama shi ba. Suna da uzuri, domin sau da yawa rabin ƙyallen fari ne fat.

Amma da gangan ake barinsa haka. Dubi dutsen da gindinsa ya ɓace cikin fari: hazo ne ya lulluɓe shi. Tawadar kuwa da kunkunniya da gam na fatar dabba ake haɗa ta, kuma in ta hau siliki ba ta gogewa. Shi ya sa gwanaye irin Sesshu, wanda ya rayu a ƙarni na 15, ke auna inda za su taɓa da inda za su bari.