Daga Bachirawa zuwa Naibawa: a dawo mana da bas mai layi

Jama'a, assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina kwana a Bachirawa ina wuni a Naibawa. Ba ni da mota, ba ni da babur. Kullum in na fito daga masallaci da asuba na karya kumallo, bakin titin Katsina nake zuwa in tsaya. Abin da zan faɗa a nan a wannan tsayuwar na koye shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda tafiyar take. Daga Bachirawa sai Rijiyar Lemo, sai Kurna, a bi ta gaban barikin Bukavu a faɗa Fagge, a dire ka a Bata. Nan za ka sauka ka nemi wata motar da za ta bi titin Zariya, ta Dangi, Gyaɗi-Gyaɗi, gaban Asibitin Malam (asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano), Unguwa Uku, har Naibawa. Wato gari guda kake ketarawa daga arewa zuwa kudu, sau biyu a rana. Ranar da aka yi sa'a awa ɗaya da 'yan mintuna. Ranar da ba a yi ba, ko aka yi ruwa da daddare, sai ka iske maƙwabtan shagonka sun daɗe da yin cinikin farko.

Na taso na tarar da hayis, wato ƙaramar bas ta haya, tana mulkin titunan nan. Kwandasta na rataye a ƙofa yana buga jikin mota yana kiran "Bata! Bata! Mutum ɗaya!" Ana zama huɗu-huɗu, gwiwarka na tokare da kujerar gaba. Ba zan ce muku daɗi ne da ita ba. Amma tana da abu ɗaya da muka yi asararsa ba mu lura ba: tana da layi. Kowa ya san inda take tashi, ya san inda take tsayawa, ya san kuɗinta. Ba ciniki, ba "nawa za ka bayar". Uwa takan ba yaronta kuɗin mota daidai, ta ce ya sauka wuri kaza, hankalinta kwance. Har yanzu akwai ragowar waɗannan motoci, kuma in na samu ita nake shiga don ta fi sauƙi, sai dai sun tsufa, sun yi kaɗan, ba a kuma maye gurbin wadda ta kwanta a gareji.

Yadda muka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Adaidaita sahu ta shigo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da farko don mata su samu abin hawa su huta da acaɓa. Sai ga harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a watan Janairun 2013, wanda bayansa gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Dubban 'yan acaɓa suka koma sahu, domin iyali ba sa jira. Cikin 'yan shekaru titunan Kano suka koma ruwan ɗorawa. Abin hawan da ya kamata ya ɗauko ka daga lungu ya kawo ka bakin babban titi, shi ya zama mai ɗaukar gari gaba ɗaya a kansa.

Ku yi lissafin da kanku. Adaidaita mutum uku take ɗauka a baya, in an matsa a ƙara ɗaya a gefen direba. Babbar bas guda tana kwashe mutum hamsin ko fiye. Ke nan sai an jera adaidaita goma sha wani abu kafin su yi aikin bas ɗaya, kowacce da injinta, da man da take sha, da hayaƙinta, da wurin da take cinyewa a titi, kuma kowacce tana tsayawa inda ta ga an ɗaga hannu. Wanda ya taɓa maƙalewa a Kurna da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san ba ƙarancin kwalta ne ya tsayar da shi ba.

A nan nake son a fahimce ni, don na san akwai 'yan sahu da yawa da ke karanta ni, ƙanena ma ɗaya ne daga cikinsu. Ba da ku nake ba. Na san mutumin da ya fito tun duku-duku yana neman balas ɗin mai mashin, ga mai, ga tikiti, ga makanike, sannan ya nemi na cefane, ba shi ya tsara garin ba. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dole ɗan sahu ya ƙara kuɗi. Amma wa ya fi jin ƙarin? Wanda ya fi nisa. Wa ya fi nisa kuma? Wanda haya ta koro daga cikin gari, ya je ya kama ɗaki biyu a Mil Tara, ko Panshekara, ko Gunduwawa, ko Rimin Kebe. Ya gudu daga tsadar haya, sai kuɗin mota ya tare shi a bakin titi.

Akwai wata safiya da ba ta fita daga raina. Wata dattijuwa ta shigo hayis a Rijiyar Lemo da jikarta, yarinyar a lulluɓe, kana gani ka san ba ta da lafiya. Asibitin Malam za su. Da muka isa Bata kwandasta ya ce, "Iya, a nan muka tsaya, sai ki hau ta Unguwa Uku." Ta kwance bakin zaninta tana ƙirga abin da ya rage, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ashe ba mota ɗaya ba ce?" Wani bawan Allah da ke gefena ya ce, "Taho Iya, hanyarmu ɗaya," ya biya musu, muka rankaya tare. Allah Ya saka masa. Amma ni tambayar tata ce ta tsaya mini. Ɗaya daga cikin manyan titunan Kano zuwa babban asibitin da ake zuwa daga jihohi da yawa, me ya hana a ce mota ɗaya ce?

Dubi yadda Allah Ya shimfiɗa garin nan. Manyan hanyoyinsa sun fita kamar yatsun hannu: titin Katsina zuwa Dawanau, titin Gwarzo ta Kabuga da Rijiyar Zaki da sabuwar jami'ar Bayero zuwa Janguza, titin Zariya zuwa Naibawa, titin Maiduguri ta Hotoro zuwa Mariri, titin Haɗeja ta Yankaba zuwa Jogana, ga kuma na Panshekara. Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka zama birnin, garin kuma tuni ya tsallaka iyakarsu. Gari mai wannan siffa ba ya bukatar wani dogon nazari kafin a gane inda layukan bas za su bi. Ƙafafun mutane sun riga sun zana su.

Kuɗi kuma an kashe a kan tituna, ba wanda zai musa. Gadar Ƙofar Nassarawa, doguwar gadar Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro, ta ƙasa a Kabuga da Ƙofar Ruwa. Ina jin daɗin ganinsu, sun ƙawata gari, sun kuma rage cunkoso a wuraren da suke. Sai dai gada tana saurin wucewa ne da wanda ya riga ya samu abin hawa. Mu da ke tsaye a ƙarƙashinta muna ɗaga hannu, ba ta rage mana ko minti ɗaya na jira ba.

An taɓa gwadawa, gaskiya ne. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta fito da motocin bas na Kanawa, ta kuma sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna. Jama'a suka yi ca, nan da nan aka janye dokar. Ni a ganina niyyar ba ta da laifi, jerin ne aka juya. Ba a farawa da hani. A fara zuba motoci har mutum ya tabbata in ya tsaya minti goma za ta zo, a kuɗin da bai kai na sahu ba. In aka yi haka fasinja da kansa zai zaɓa, ɗan sahu kuma zai koma inda bas ba za ta iya shiga ba, cikin Dorayi da Gama da Ja'en da lungunan Kurna, inda dama aiki ke jiransa. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2022 da 'yan sahu suka tafi yajin aiki kan kuɗin rajista: ɗalibai, ma'aikata, mata masu goyo, kowa a ƙafa. Garin da abin hawa iri ɗaya zai tsayar da shi cak yana cikin haɗari.

Legas ta fara BRT, wato tsarin manyan bas masu layi, a 2008 da layi guda, daga Mile 12 zuwa CMS, ta ware wa motocin gefen titinsu. Danfo, wato ƙananan bas na hayar Legas, ba su ɓace ba, amma layin ya rayu ya ƙaru, gwamnoni na sauyawa yana nan. Wannan ɗorewar ita nake nema mana. Mun gaji da motocin da ake yi wa fenti da hoton mai mulki, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu ka gan su a jibge ba taya. A sa lamba a goshin mota, a rubuta da Hausa inda za ta, a yi rumfa a tasha don rana da ruwa, a ware kujerun mata da tsofaffi, a ɗauki direbobi da kwandastocin hayis da suka san hanyar kamar tafin hannunsu, a ware kuɗin gyara tun ranar da aka sayo motar.

In za a tambaye ni inda za a fara, zan ce daga Dawanau zuwa Naibawa, mota ɗaya, ba sauka a Bata, ta tsaya a gaban Asibitin Malam. Masu bin titin Gwarzo da na Haɗeja na san za su ce nasu ya fi cancanta, to su rubuto su faɗa mana nawa suke kashewa da awa nawa suke yi a hanya, wakilanmu na majalisa su gani.