Baƙin da ke fitowa a kumatu ba dauɗa ba ce

Na gaji da jin ana cewa baƙin da ke fitowa a kumatu da goshi dauɗa ce ta maƙale, wai sai an dirje da soso ko an shafa man bilicin mai ƙarfi. Ban ga laifin masu faɗa ba, domin man yakan haska fuska a makonnin farko.

Amma abin daga cikin fata yake. Sinadarin melanin, mai ba fata launi, shi ne ke yawa a wurin, kuma juna biyu, ƙwayar tazarar haihuwa da rana irin tamu ta Kano su ne kan tayar da shi. Dirza kuwa ƙara masa duhu take yi. Mai jegon da ta sayo haɗin da ba shi da suna a kasuwa, in akwai sitiroyid (maganin kumburi da ake sa wa a wasu mayukan bilicin) a ciki, fatarta kan sirance har jijiyoyi su bayyana. Haidirokwinon, wani sinadarin haska fata, shi ma in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙi mai wuyar fita. Alhali baƙin da goyon ciki ke kawowa sau da yawa da kansa yake dusashewa bayan haihuwa.

A rage shiga rana, a riƙa shafa man kariyar rana. In baƙin ya ƙi tafiya, akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano.