Ana yankar albashinmu kowane wata, amma 'yan kyauta ake kiranmu

A ranar Talatar da ta wuce, a gaban tagar bayar da magani ta wani asibitin gwamnati, wani matashi da bai wuce sa'ar ɗana na fari ba ya kira ni ɗan kyauta. Shekara 23 ke nan ina riƙe da alli a makarantar firamare, kuma tun ranar da jiharmu ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato inshorar lafiya ta jiha, albashina bai taɓa shigowa ba sai an riga an zare kason hukumar daga cikinsa.

'Yata mai shekara 9 tana da cutar sikila, kuma duk wanda yake da irin wannan yarinya a gida ya san yadda dare yake tsawo idan ciwon ƙashi ya tashi. Muna idar da sallar asuba na saɓa ta a kafaɗa muka nufi asibitin da aka rubuta a katinmu. Ba mu ga likita ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya duba ta da kyau, Allah ya saka masa, ya rubuta allurar rage raɗaɗi da ƙarin ruwa da gwajin jini, na bar ta kwance a kan benci tare da mahaifiyarta na bi layin masu inshora.

Da layi ya zo kaina na yi sallama, matashin bai ɗago daga wayarsa ba. Na sake yi, sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya kalle ta, ya kalli katin, ya turo mini su tare.

"Baba, na inshora ya ƙare."

Na ce masa, "Ɗana, ga ledojin ruwa can a bayanka ina ganinsu, kuma yanzun nan ka ba mutumin da ke waccan tagar."

Ya ce, "Wancan na masu biya ne."

Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce masa ni ma biya nake yi, kuma nawa biyan ma yana riga ciwon zuwa, domin tun kafin kuɗin ya iso hannuna ake cirewa. A nan ne ya ajiye wayar, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke layin zai ji.

"Baba, wa ka biya? Mu dai ba mu gani ba. Ku 'yan kyauta kun fi kowa surutu. In kana son 'yarka, ga kemis can a bakin ƙofa."

In ina son 'yata! Ni da na kwana ina danna mata gwiwa da tsumma mai ɗumi, ni ake tambaya ko ina son 'yata, a gaban mata da yara, har da wani tsohon ɗalibina da ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na tambayi batun gwajin jinin, ya ce wannan sai an samo lambar izini daga hukuma, wanda yake nemowa ya tafi taro, kuma ko yana nan babu netwok. Na tambayi wa zan kai wa kuka, ya ce in je duk inda na ga dama, sannan ya kira na bayana.

Ba wannan ne karon farko ba, kuma na san masu karanta wannan rubutu sun san ragowar labarin fiye da ni: sunan matarka ya ɓace daga rajista ba tare da dalili ba, maganin da ake samu kullum shi ne farasitamol, wanda ya fi ƙarfin aljihunka kuma shi ne kullum ya ƙare. Abin da ya sa na Talata ya tsaya mini a wuya shi ne, bayan na huce na gane cewa yaron nan, duk da rashin tarbiyyarsa, ya faɗi wata gaskiya guda. Ya ce ba su gani ba. To, ina kuɗin yake tsayawa?

Ya kamata mu tuna dalilin da ya sa aka kawo waɗannan hukumomi na jihohi tun farko. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa an yi ta a 1999, shirin kuma ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo, amma ya shafe shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai yake ɗauka, su da matansu da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Malamin firamare da manomi da mai sayar da ƙosai ba sa ciki. Kuɗin kuma yana bi ta hannun kamfanonin dillancin lafiya ne kafin ya isa asibiti, asibitoci suna kukan ana riƙe musu haƙƙinsu, marasa lafiya suna kukan ana wulaƙanta su. Sai aka ce maganin wannan shi ne kowace jiha ta kafa nata tsarin, domin Abuja ta yi nisa, kuma jiha ta fi sanin mutanenta da asibitocinta. Legas ta yi tata dokar a 2015, Kano a 2016, Kaduna a 2018, sauran jihohi suka bi sahu. A nan Arewa an zauna da malamai da ƙungiyoyin ƙwadago, aka zaɓi kalmar taimakekeniya don a kwantar wa mutane hankali cewa abin taimakon juna ne, mai lafiya ya ɗauki nauyin marar lafiya. Ni da kaina na tsaya a ɗakin malamai na kare wannan tsari lokacin da abokan aikina suke cewa wata sabuwar hanyar yankar albashi ce kawai, kuma har yau ina ganin tunanin da aka gina shi a kai daidai ne.

Amma dubi yadda aka ƙera shi. Ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta masa duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 tun daga 2012 har zuwa 2024, ya shekara fiye da 10 bai motsa ba, alhali farashin magani yana ninkawa, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Idan aka haɗa ƙarancin kuɗin da jinkirin biyansa, lissafin da asibiti zai yi a fili yake: duk mai katin da ya zauna a gida riba ne, duk wanda ya shigo da ciwo mai tsada asara ne. Yarinya mai sikila, wadda ita ce ta fi kowa buƙatar wannan tsari, ita ce wadda tsarin ya koya wa ma'aikata su ɗaure wa fuska. Yaron tagar bai ƙirƙiro raini daga cikinsa ba, ya tarar da shi ne a wurin aiki.

Saboda haka laifin na waɗanda suke sama ne. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, aka kuma yi maganar asusun da zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83. Duk da haka, har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Masu sa hannu a waɗannan dokoki kuwa, idan kansu ya sara, Landan da Dubai da Alƙahira suke nufa, shi ya sa ba su san kamannin tagar masu inshora ba.

An ce mana amfanin hukumar jiha shi ne kusanci. Kusancin da muka gani zuwa yanzu shi ne hannunta ya fi saurin kaiwa ga albashinmu. Wane wata aka taɓa manna takarda a bangon asibiti da ke nuna nawa aka cire wa ma'aikata, nawa gwamnati ta zuba nata kason, kuma yaushe aka tura wa asibitin haƙƙinsa? Shugabannin ƙungiyoyinmu da suka amince da yankan a madadinmu, yaushe suka nemi wannan lissafi? Mu ma da muke tsaye a layin nan ranar Talata, mun fi mutum 20, babu wanda ya ce uffan, kowa yana tsoron kada a ce nasa ma ya ƙare.

Na tsallaka titi na sayi ruwan da allurar da kuɗin da na ranta a wurin wani abokin aikina, gwajin kuma na biya a tagar masu biya, aka yi shi nan take ba tare da an nemi wata lamba ba. Yarinyar ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na haɗa rasit ɗin kemis da takardun albashina na wata 12, kuma ranar Litinin zan kai su ofishin hukumar in nemi a nuna mini a rubuce inda kuɗina ya shiga.