Laƙabinsu yana rubuce, namu yana bin tsofaffi kabari

A nan Kebek, lardin Kanada da ake jin Faransanci, direban bas ma zai iya lissafo maka kakanninsa har zuwa wanda ya sauko daga jirgin ruwa shekara ɗari uku da suka wuce. Kada ka ɗauka sun fi mu son asali. Limaman cocinsu ne suka riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun 1621, kuma Jami'ar Montreal ta tattara tsofaffin littattafan a kwamfuta. Duk mai suna Tremblay, sunan da ya fi yawa a lardin, ya san tsatsonsa Pierre Tremblay ne, wanda ya zo daga Faransa a 1647.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne laƙabinsu. A 1665 Sarkin Faransa ya turo rundunar Carignan-Salières, soja wajen 1,200, kusan kowa da sunan da ake kiransa a bariki: Lafleur, Jolicoeur, Laframboise. Kusan 400 suka zauna, da yawansu suka auri 'yan matan da sarki ya ɗauki nauyin kawowa tsakanin 1663 da 1673. Laƙabin ya bi 'ya'ya da jikoki. Na ga hoton shafin irin wannan littafi, tawada ta koɗe, an rubuta "Roy dit Desjardins", wato Roy da ake ce wa Desjardins, a ƙasa kuma liman ya rubuta cewa ango da amarya ba su iya sa hannu ba. Talakawa ne marasa karatu, amma sunayensu biyu sun tsira. Shi ya sa ko da wani reshe ya riƙe Roy, wani ya riƙe Desjardins, wani kuma ya tafi masaƙun Amurka ya koma King, wato fassarar Roy (sarki) da Turanci, jikoki suna iya gano juna.

Mu fa? Laƙabi ai gidanmu ne. Ga sunan yanka, ga sunan rana irin Ɗanladi da Talatu, ga na alkunya, inda uwa ba ta iya faɗin sunan ɗan fari. Da makarantar boko ta zo tana neman suna na biyu, sai aka liƙa wa yara garuruwansu. Sardauna ya yi karatu a Katsina da sunan Ahmadu Raba. Haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yau kuwa wa yana amfani da sunan uba, ƙane da na kaka, ƙanwa da na gari, fasfo uku na gida ɗaya kamar ba su haɗa jini ba. Duk wanda ya nemi ɗauko ɗan'uwa zuwa ƙasar waje ya san wannan ciwon kai.

Ban ce mu kwaikwayi sunan dangi na Turawa ba. Rajistar mulkin mallaka ba kowa ta yi wa adalci ba. A nan Kebek ma 'yan asalin ƙasar da aka bautar, da yawansu "Panis" kawai aka rubuta musu, kabilarsu ta ɓace. Kuma tsarinmu na wane ɗan wane ya fi faɗin gaskiya. Matanmu da ma ba sa ɗaukar sunan miji, abin da Kebek ta mayar doka sai a 1981.

Rubutun ne ba mu yi. Ranar suna liman yana raɗa suna, a raba goro, a watse. Me zai hana kowane masallacin unguwa ya ajiye littafi, da ajami ko da boko, a sa sunan jariri, na uba da kaka, na uwa da mahaifinta, da garin da gidan ya taso? A kuma bar fili a gefe, domin ranar da kaka ta sa masa Maikano ko Tanko, a dawo a ƙara shi.