Kwanon Sito Ya Tafi Unguwa

Daren wata Laraba cikin watan Agusta aka yi iskar. Da asuba maigadi ya bugo mini waya ya ce, "Alhaji, ka zo, kwanon sito ya tafi unguwa." Da na isa na tarar falle 9 sun ɗaga, biyu ma suna saman darbejiyar maƙwabta, ruwa kuma ya kwana yana zuba a kan atamfa da shadda kamar an biya shi lada.

Hankalina bai tashi sosai ba, don ina da inshora. Tun ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 na yi wa kayan sitona inshorar gobara haɗe da ƙarin kariya ta iska da ruwa, ta naira miliyan 20. Duk shekara ina biyan kuɗina a kan kari, a ba ni takarda mai kusan shafi 30, in jefa ta a durowa tare da tsofaffin katunan ɗaurin aure. Ban taɓa wuce shafin da sunana yake ba.

Ni kuwa mutum ne mai zafin nama, abin da ya kashe ni ke nan. Kafin hantsi na tara yara mun fitar da kaya mun shanya, layin ya koma kamar ana baje kolin lefe. Ran Juma'a kafinta ya buga sabon kwano a kan naira dubu 600, tsohon kuma 'yan gwangwan suka auna suka tafi da shi. Ran Asabar na karya farashin duk turmin da ruwa ya yi wa zane, teloli da masu kai kaya ƙauye suka kwashe, kuɗi hannu, ba rasit. Wanda ya fara hunhuna na rabar sadaka. Aka share sito aka turara shi. Hoto ɗaya tak aka ɗauka a duk hidimar, shi ma yaron shagona ne ya ɗauki kansa yana murmushi, da gefen wani turmi a bayan kunnensa. Sai a rana ta 9, da komai ya kintsa, na ga ya dace in sanar da kamfani, don ban so su zo su tarar da wuri a hargitse.

Kamfani ya turo mai kiyasin asara, wani matashi mai natsuwa da ƙaramin littafi. Na tarye shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Makka, na sa aka kawo tsire da lemo, a tunanina an turo shi ne ya tsaya mini. Ruwa kawai ya sha. Ya ɗaga kai ya kalli sabon kwano yana walƙiya, ya kalli daɓe tsaf ko ƙura babu, ya shaƙi ƙamshin turare, sannan ya ce, "Alhaji, a nan aka yi ɓarnar, ko akwai wani siton?"

Ya nemi hotuna, na nuna masa yarona. Ya nemi tsohon kwano don ya ga ko iska ce ta tsinke shi daga kan ƙusa ko tsatsa ce ta daɗe da cinye shi, don inshora ba ta biyan ɓarnar tsufa da rashin gyara. Na ce kwanon yanzu wataƙila ya zama tukunya. Ya nemi littafin shigar kaya da fitarsu, wannan dai ina da shi, alhamdulillahi. Sai ya tambaye ni, cikin ladabi, kayan nawa ne a siton daren da abin ya faru. Nan na gyara zama. Na ce, "Ƙanena, wannan siton da kake gani bai taɓa kwana da ƙasa da kayan miliyan 40 ba." Ya rubuta, har ya ja layi a ƙasa. Na ji daɗi, na ɗauka burge shi na yi.

Bayan mako 3 takarda ta zo. Ni miliyan 12 na nema. Abin da suka iya tabbatarwa daga littafi da ragowar kayan da ke ƙasa miliyan 6 ne. Suka cire miliyan 1, kimar abin da kayan da suka jiƙe za su iya sayuwa. Saura 5. Sai ga sharaɗin da ban taɓa jin labarinsa ba: tunda kayan miliyan 40 na yi wa inshorar miliyan 20, rabin kayan kawai na ɗora wa kamfani, ɗaya rabin ni ne kamfanin inshorar kaina, don haka kowace asara raba ta za mu yi biyu. Saura miliyan 2 da rabi. Daga nan aka zare kashi 10 cikin 100, kason da mai kaya ke ɗauka da kansa a kowace ɓarna. Aka tsaya a miliyan 2 da dubu 250. Kuɗin kafinta kuwa an soke shi da jan biro, don kaya na yi wa inshora, ban yi wa gini ba.

Tare da lissafin akwai wata takarda mai shafi ɗaya, aka ce in sa hannu kuɗi su fito. Ina da bashin masu kaya a wuya, na sa hannu har da ƙawata shi.

Sai da kuɗin suka shigo na kai kukana majalisa, wani aboki ya haɗa ni da wani dattijo, dillalin inshora mai rajista, wanda ya yi furfura a harkar. Na kwashi takardu na same shi. Ya sa tabarau ya karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, karo na farko da aka yi mata wannan karamcin. Da ya zo kan takarda mai shafi ɗaya sai ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, wannan sa hannunka ne?" Na ce nawa ne, Baba. Ya ce, "Yana da kyau. Ka san ka rubuta cewa ka karɓi wannan a matsayin cikakkiyar diyya ta ƙarshe, ba ka bin su komai? Gawa ka kawo mini, kana tambayar maganin zazzaɓi."

Ya ce matashin nan bai zalunce ni ba. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, ita ce ke ba irinsu lasisi, amma kamfani ne ya ɗauko shi, kamfani ke biyansa, kuma abin da ya gani da ido ko a takarda kawai zai rubuta. Ba aikinsa ba ne ya tono mini hujjar da na share da tsintsiya. Wanda zai tsaya mini ni zan nemo shi, kuma lokacinsa shi ne safiyar Larabar nan, kafin a taɓa ko turmi ɗaya. Da na kira shi a lokacin, da ya sa na sanar da kamfani a rubuce ran nan, don yarjejeniyata ta ce nan take, cikakken bayani kuma cikin kwana 30. Da an ɗauki hoto da bidiyon kowace kusurwa, tun daga ramin rufi har inda ruwa ya kwanta. Fitar da kaya daga ruwa daidai ne, wajibi ne ma, don dole mai kaya ya rage ɓarna. Amma tamfol ake rufawa a ajiye rasit ɗinsa, ba a buga sabon kwano sai an zo an duba. Kayan da suka jiƙe a ware su gefe, a ƙirga turmi-turmi, a haɗa kowanne da rasit ɗin sarinsa, kada a sayar ko a kyautar sai kamfani ya yarda a rubuce. In ɓarnar ta taɓa ginin da ke cikin inshora, a samo masanin ƙididdigar gini ya fitar da lissafinsa, a ajiye kusa da na kamfani.

Na ce to maganar miliyan 40 fa, ai baki ne ya yanka wuya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ko na yi shiru littafina zai faɗa, kuma ɓoyewa ma ta fi muni. Wannan ramin tun ranar sabunta inshora na haƙa shi: naira ta faɗi bayan Yunin 2023, kuɗin turmi ya ninka, ni kuwa ina ta sabunta miliyan 20 ina murnar kuɗin shekara bai ƙaru ba. Abin da ya fi ci mini rai, ya ce da ta hannun dillali na yi inshorar tun farko, kamfani ne ke biyansa kamasho, kuma bin diyya yana cikin aikinsa. Amma wanda aka ɗauko bayan ɓarna, sai an yi jinga da shi a rubuce, don haka ba a kiransa kan ƙaramar asara. Ya ce ofishin koke na NAICOM yana nan, sai dai abu na farko da za a ɗora a tebur shi ne kyakkyawan sa hannuna.

Da damina ta zagayo na riga na mayar da inshorar ta hannunsa, na kai ta miliyan 45. Wani dare wajen ƙarfe 1 na ji iska, na kira shi.

"Alhaji, lafiya? Ruwan ya shiga?"

"Bai sauko ba tukuna, Baba, amma gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ce kada in makara."

Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can ya ce in ɗauki hoton hadarin in ajiye, ya kashe waya.