Tsufa a Gidan Haya: Dattawan da Tsarin Gidaje Ya Manta da Su a Kano

Idan aka ambaci dattijo a Kano, abin da yake zuwa zuciyar yawancinmu shi ne mutum zaune a kan buzu a zauren gidansa, jikoki suna shige da fice. Wannan siffa gaskiya ce, amma ba ta kowa ba ce. A Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Sheka da Birget akwai maza da mata da suka haura shekara sittin suna zaune a ɗaki ɗaya ko ciki da falo na haya, kuma babu abin da yake hana su barci kamar ƙaratowar watan da kuɗin shekara zai ƙare.

Ba sakaci ne ya kai akasarinsu nan ba. Wani ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antun Bompai, Sharaɗa ko Chalawa, aka rufe kamfanin kafin ya mallaki ko da rabin fuloti. Wani kuma a gidan gado aka haife shi cikin badala, sai magada suka yi yawa, gidan bai rabuwa, aka sayar, kasonsa bai isa sayen fili ba ko a bayan gari. Mafi tausayi ita ce matar da mijinta ya rasu: tumunin takaba daga gida ɗaya tilo ba ya zama gida, don haka takan fita daga ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki ta koma hannun dillalai. Mun saba cewa 'ya'ya za su riƙe iyayensu, kuma da yawa suna iya ƙoƙarinsu, sai dai ɗan da ake dogaro da shi shi ma ɗan haya ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin da yake samu da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata.

A ganina kuskuren manufofinmu na gidaje shi ne duk an gina su a kan mallaka. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ya samu rancen da zai riƙa biya shekara da shekaru. Damar da hukumar fansho ta ƙasa ta bayar a 2022, ta ɗaukar kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fansho a zuba a sayen gida, ita ma ta mai albashi ce da bai bar aiki ba. Rukunonin gidaje na Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo kuwa don sayarwa aka gina su. Babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu, amma tsohon birkila mai shekara saba'in, ko tsohuwa mai sayar da ƙosai, babu ƙofar da za su shiga ta cikinsu. Abin da suke nema ba takardar mallaka ba ce. Tabbaci suke so cewa ba za a tashe su daga unguwar da suka sani ba.

Wannan batu na unguwa ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. Matashi idan aka ba shi notis zai ɗauki kayansa ya koma wata unguwa, wahalar ta 'yan kwanaki ce. Tsoho kuwa in ya tashi ya rabu da masallacin da ake cigiyarsa in ba a gan shi a sahun asuba ba, da mai shagon da yake ba shi bashin gari, da maƙwabciyar da take aiko masa da koko, da yaron da yake raka shi asibiti. Waɗannan su ne ainihin abin da yake riƙe da shi, kuma ba a loda su a mota. Ga shi ɗaki mai araha yawanci a ƙarshen gari yake, inda ruwa sai na 'yan garuwa, banɗaki kuma na tarayya ne mai wuyar tsugunno ga mai ciwon gwiwa.

Ban manta da mai gida ba. Sau da yawa shi ma tsoho ne, ko marayu ne da kuɗin hayar shi ne abincinsu, kuma siminti da kwano sun yi tsadar da kowa ya sani. Saboda haka dokar da za ta ƙayyade farashi da ƙarfi za ta sa masu gidaje su guji ba tsofaffi haya ne kawai. Abin da ya fi dacewa Majalisar Dokokin Jiha ta yi shi ne ta ba ɗan haya mai shekara sittin zuwa sama damar biya wata-wata, tun da fansho da taimakon 'ya'ya wata-wata suke zuwa, ta kuma tsawaita masa wa'adin tashi fiye da wata shidan da aka saba ba mai hayar shekara. Legas ta taƙaita kuɗin hayar da ake karɓa a dunƙule tun a dokarta ta 2011, ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Mai gidan da ya yarda da haka kuwa a sassauta masa harajin ƙasa.

Hanya mafi kusa da mu kuwa ita ce wakafi. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana kuma da attajiran da suke gina masallatai, wani lokaci biyu a layi ɗaya. Da malamai za su bayyana a kan mumbari cewa ɗakuna shida na ƙasa, masu famfo da banɗaki mai maƙamar hannu, da aka tsayar don tsofaffin unguwa su ma sadaka mai gudana ce, da an ga canji. Ba gidan gajiyayyu nake nufi ba, wanda mutanenmu suke ɗauka abin kunya. Ɗaki nake nufi mai ƙaramar haya, inda dattijo zai riƙe mukullinsa da mutuncinsa.

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci matsuguni da kula da tsofaffi cikin abin da ya kamata hukuma ta samar, ko da yake ba a iya kai ƙara kotu a kansa. Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: kowane mai unguwa ya san tsofaffin da suke haya a yankinsa, ya san wadda notis ɗinta yake ƙarewa kafin damina. A umarce su su rubuta sunayen, su miƙa wa dagatai da hakimai, a ɗora kasafin gidaje na baɗi a kan wannan rajista.