Kafin ka ce sai dai ka fito a jarumi

Ƙannena masu sha'awar harkar fim, akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai sai na amayar da ita. Kwanakin baya muna shirya wani ɗan wasan daɓe a unguwarmu, aka ba wani yaro mai hazaƙa takarda aka ce zai fito a uban yarinya. Ya juya takardar gaba da baya, ya ƙirga layukansa da yatsa, ya ga ba su kai ashirin ba, sai ya ninke ta ya ajiye a kan benci. Ya ce, "Yaya, ni fa ban zo don a shafa mini hoda a gemu in zama tsoho ba." Ya ɗauki wayarsa ya fice. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don na san yaron yana da baiwa, kuma na san irin wannan tunanin ya kashe baiwar da yawa daga cikinku.

Shi ya sa nake so ku san wani Bature ɗan Ingila, Pete Postlethwaite. Sunan da wuyar faɗa, da yawanku ma ba ku taɓa jin sa ba, amma in kuna kallon finafinan Turawa kun san fuskar: ƙasusuwan kumatu a waje, ido a zurme, irin fuskar da ba wanda zai ɗora a allon talla don jawo 'yan mata. An haife shi a garin Warrington a 1946, a gidan talakawa masu neman na kansu, shi ne auta. Koyarwa ya fara yi, yana koyar da wasan kwaikwayo a wata makaranta a Manchester. Yana da shekara 24 ya ajiye alli ya koma ɗalibi a makarantar koyon wasa ta Bristol Old Vic. Ku lura da wannan: malami ne da albashinsa, amma ya yarda bai iya ba tukuna.

Daga nan sai dandamali. Ya yi shekaru a gidan wasa na Everyman da ke Liverpool tare da su Julie Walters da Bill Nighy da Jonathan Pryce, lokacin duk ba wanda ya san su. Ya shiga ƙungiyar Royal Shakespeare, yana fitowa gaban 'yan kallo dare bayan dare, inda babu darakta da zai ce a yanke a sake ɗauka. In ka manta layinka a daɓe, kai da idon jama'a. Fiye da shekara ashirin yana wannan aikin kafin duniya ta waiwayo shi.

A 1993 aka yi fim ɗin In the Name of the Father, labarin gaskiya na mutanen da aka ɗaure bisa zalunci kan bama-baman da suka tashi a garin Guildford na Ingila a 1974. Daniel Day-Lewis ne jarumin, ya fito a Gerry Conlon. Postlethwaite kuwa ubansa ne, Giuseppe, wanda ya taso daga Belfast don ya taimaki ɗansa, aka haɗa da shi aka kulle, ya rasu a kurkuku a 1980. Tazarar shekara 11 ce kacal tsakanin 'yan wasan biyu, amma ba za ka taɓa shakkar cewa uba da ɗa ne ba. Ku kalli yadda yake jan numfashi da ƙyar, yadda yake sauraron ɗansa yana zazzaga masa baƙar magana ba tare da ya ɗaga murya ba. Lokacin da fursunoni suka riƙa cinna wa takardu wuta suna jefowa ta tagogi don juyayin mutuwarsa, hawayen da mai kallo ke yi ba don jarumi ba ne, don wannan tsohon ne. Wannan fitowar ta sa aka saka sunansa cikin masu takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, yana dab da shekara hamsin.

To, uban yarinya ɗin da ƙanena ya raina, irinsa ne fa.

Bayan haka ayyuka suka yi ta zuwa: lauya mai ban tsoro a The Usual Suspects a 1995, shugaban 'yan badujala na masu haƙar kwal a Brassed Off a 1996, maharbi a The Lost World na darakta Steven Spielberg a 1997. Spielberg ɗin ne ya kira shi ɗan wasan da ya fi kowa iyawa a duniya. Duk da haka bai tare a Hollywood ba, ya ci gaba da zama a karkarar Shropshire da iyalinsa.

Abin da ke damuna da ku shi ne kun haɗa iya wasa da yawan mabiya a TikTok wuri guda. Kuna so ranar farko a lokeshan a riƙa riƙe muku lema. Ba ku son bita, ba ku son haddar layi, ba ku zama kusa da dattawan da suka fara tun zamanin wasannin talabijin ku ga yadda suke tafiya, yadda suke yin shiru. Alhali da rarrafe yaro kan tashi. Kyan fuska da ƙuruciya haya aka ba ku, mai gida zai karɓe kayansa. Wanda ya iya zama uba, mai gadi, alƙali, ɗan dako ko mugun kawu, shi furodusoshi ke nema har ya yi furfurar gaske. Kuma ba raini ba ne a ba ka fitowa uku a fim. Raini shi ne a ba ka su ka yi su da ganganci, kana hararar rabon wani.

A 2008 Postlethwaite ya koma Everyman ɗin da ya taso, ya fito a Sarki Lear na Shakespeare, yana da shekara 62. Ciwon daji ya kama shi, ya rame, amma ya ci gaba da aiki. A 2010 ya fito a Inception da The Town, duka gajerun fitowa. Ya mutu ranar 2 ga Janairu 2011 a Shrewsbury.

Kai kuma ƙanena da ka bar takarda a kan benci, na san za ka karanta wannan. Na ɗauke ta, tana cikin aljihun rigata, ban ba kowa ba. Ranar Asabar bayan la'asar muna bita a inda ka sani.